Ajin Malam Bitrus

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, ina gaishe ka da dukkan masu sauraro. Sunana Malam Lawal, ina koyar da darasin addinin Musulunci a wata sakandare a Zango.

Ina da aboki Kirista, Malam Bitrus, malamin adabi. Kullum in aka fita hutun tara muna zaune tare, muna muhawara kan falsafar mutanen Girka na da, shi ya kawo abin da malaman addininsu suka faɗa, ni in kawo na namu. Ba mu taɓa ɓatawa ba.

Watan jiya mota ta kaɗe shi a kan babur a hanyar Daura. Ni na raka gawarsa har garinsu. Ban yi kuka ba, kuma har yau ban yi ba.

Da jarrabawa ta matso, shugaban makaranta ya ce in riƙe ajinsa. Ranar farko wata ɗaliba ta miƙe ta ce, "Malam, kafin Malam Bitrus ya rasu ya tambaye mu, me ya sa mutumin kirki yake shan wahala? Bai kai ga ba mu amsa ba. Kai ka ba mu."

Na san abin da littattafai suka ce. Amma na tsaya da alli a hannu har aka kaɗa ƙararrawa. Ina ci, ina salla, ina zuwa aiki, amma kamar wani ne yake yi, ba ni ba.

'Yan'uwana malamai, ku ba ni shawara. Bushewar zuciya ce wannan, ko baƙin cikin ne bai iso ba tukuna? Gobe ma ina da ajin.