Sandar da Na Ajiye Gaban Alhaji Buba

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki.

Na ji a labaranku cewa ƙasarmu ta mara wa ɗan wata ƙasa baya ya shugabanci ƙungiyar ƙasashen yankinmu, mutane sai surutu suke wai mun ƙi namu. To su saurara.

Kafin tashin hankali, mu masu sana'ar shanu daga Najeriya, Kamaru da Chadi shugaba ɗaya muke zaɓa a kasuwar shanun Mubi. Ba ƙuri'a, wanda ka yarda da shi sai ka ajiye sandarka a gabansa. Ni na wuce ɗan unguwarmu da ke neman shugabancin, na ajiye tawa gaban Alhaji Buba, mutumin Kamaru, don ban taɓa ganin ya yi son kai wajen sulhu ba. Kawuna ya ce, "Hamidu, ka ci amanar gida!" Shekara guda bai amsa gaisuwata ba.

Ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, mun haura duwatsu da ƙafa zuwa Kamaru, har da kawun. Alhaji Buba na ganinmu ya ce, "Mai sanda, ku shigo, gidanku ne." Wata huɗu muna cin tuwonsa.

Kasuwa ta dawo, amma ban sake ganinsa ba. Wallahi ina kewar kwanakin nan da muke shan shayi tare, ba mai tambayar ƙasar wani. Alhaji, in kana ji, ina gaisuwa.

Masu surutu kuwa su zo unguwarmu Wuro Patuji su tambayi kawuna a gidan wa ya fake.

Naku, Hamidu Mubi.