Ƙarfen da na shayar

Buhun tattasai biyu Yaya Falmata ta sayar a kasuwar Diffa ta damƙa mini kuɗin mota. Ta ce, "Ari, kar ka dawo mana da surutu kawai." Ku matso, ku da kullum kuke mafarkin birni.

Kwana uku muna hanya kafin mu kai birnin nan na bakin teku. Usman, wani mutumin Tumur da ya riga ni zuwa, shi ya samo mini aiki a kamfanin da aka ba kwangilar ban ruwan itatuwan wata sabuwar unguwa. Wai unguwar "antilijan" ce, wato mai wayo. Fitila na kunna kanta, kwandon shara na kiran mota in ya cika. Mutanen ciki kuwa ko sallama ba su iya ba.

Na ce ban ruwa? Ni da na tashi cikin fangalin tattasai a bakin kogin Komadugu? Aka ba ni layin ƙananan itatuwa da katin buɗe famfo. Famfon ma marowaci ne, ya ba ka ma'auninka na yini ya rufe bakinsa.

Kusa da kowane itace an kafa wani ƙarfe, "kaftar" suke ce masa. In ƙasarsa ta jiƙa, allon shef, wato shugabanmu a wurin aiki, ya nuna kore; in ta bushe, ja. Amma wanda ya kafa su bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya jera su can gefen dutsen hanya, taku biyu daga saiwa, don su yi kyau a hoto.

Na yi abin da na sani. Na zagaye gindin kowane itace da ƙasa, na zuba ruwana a ciki. Mako uku, ganye ya fara sheƙi. Sai ga shef.

"Difa!" Haka yake kirana, sunana ya yi masa nauyi. "Layinka ja ne."

"Shef, ga itatuwan nan, dubi ganye."

Ko kai bai ɗaga ba. "Mashin ba ya ƙarya. In na sake gani, ka ajiye kati."

Usman ya ja ni gefe. "Kai, mutumina, wa ya aike ka? Ƙarfen ake shayarwa. Mu duk haka muke yi."

Na dubi layinsa, sanduna ne a tsaye. A allo kuwa shi ne gwani.

Na so raba ruwan biyu, bai isa ba, don ƙasar gefen dutse shanyewa take nan take. Na tuna Yaya Falmata da ƴaƴanta, na tuna mai gidan haya da bakinta. Washegari na ɗauki bokiti na wuce itacen, na tsaya kan ƙarfe na juye masa.

Dariya kake, Bukar? Wata biyu ina kallon itatuwan suna kaɗe ganye ɗaya bayan ɗaya, ina wucewa ta gabansu da ruwa a hannu. Wallahi ban taɓa jin kunya irin wannan ba.

Ƙarshen shekara aka tara mu aka ba ni takardar yabo, wai layina bai sake yin ja ba. Na dawo da kuɗin injin ban ruwa, shi ne wanda kuke jin ƙararsa a gonarmu. Takardar kuma Yaya Falmata ta liƙa ta a bango. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa, ta ce ƙanenta ne ya raya itatuwan birni. Har yau ban iya gyara mata zancen ba.