Gonar Ciyawa ta Nesa

A shagon taki na garin Cavan, Nuala tana tsaye gaban wani buhu da takardar gwajin ƙasar gonarta, sai wani dattijo ya leƙa takardar.

"Baiwar Allah, gonarki ba sinadarin fosfet, ba na fotash. Da wannan buhun, ciyawar ba za ta kai shanunki ƙarshen sanyi ba."

"Irinsa marigayi mijina yake saye."

"Gonar nesa ce, ko? Ba a kai mata kashin shanu?"

"Shekara uku bai kai ba. Jinyata yake yi. Ba rago ba ne."

"Wa ya ce rago ne? Tawa ma haka ta rame lokacin jinyar matata. Ɗauki wancan buhun, za ta farfaɗo."

"Matar taka fa?"

Dattijon ya sunkuya, ya ɗaukar mata buhun da ya nuna, ya ce:

"Ina motarki?"