Akuyar Kirsimetin da Na Yanka da Hannuna

Mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Bulus, malamin firamare a Sabon Garin Jega. Ni Kirista ne, kuma wani abu ya hana ni sukuni.

Shekara tara ke nan, duk Kirsimeti maƙwabcina Malam Ummaru, manomin albasa, shi ke yanka mini akuya don iyalinsa Musulmi su iya ci. Muna fiɗa yana tambayata labarin haihuwar Almasihu, ina ba shi, yana saurare.

Bara wani dattijon cocinmu ya ce mini, “Malam Bulus, kunyar addininka kake ji da za ka miƙa wa wani wuƙa?” Maganar ta soke ni. Na yanka da kaina, ban gaya wa Malam ba. Da matata ta kai musu shinkafa da naman, uwargidansa ta tambaye ta wa ya yi yankan. Ta faɗi gaskiya. Kwanon ya dawo a rufe yadda ya tafi.

Kunya ta hana ni zuwa wurin Malam Ummaru. Sai ga shi da Babbar Sallah ya shigo da cinyar rago, ya ce, “Maƙwabci, ga naku.” Na kasa haɗa ido da shi.

Masu sauraro, Kirsimeti ta gabato, akuya na ɗaure. Ku ba ni shawara. Bara na riƙe wuƙata, amma ban samu wanda zan ba labarin Almasihu ba.