Oga Zai Je Biko

A tashar Laranto, wani dattijo da wata mata suna jiran motar Bauchi ta cika.

"Madam, ma'aikaci sai da tsawa. A garejina ko tari na yi, kowa sai ya kama aiki."

"Mu a asibitinmu, Baba, shugabarmu ba ta ɗaga murya. In marar lafiya ya yi amai, ita ke fara ɗauko tsumma. Kunya ke tashinmu."

"Za ku raina ta."

"Ba wadda ta taɓa barinta dai. Lafiya za ka Bauchi?"

"Babban makanikena, Rwang, ya yi fushi ya koma can. Ba zan dawo ba sai da shi."

"Da tsawar?"

"Kin ga buhun dankalin can? Nasa ne. Yau ko tari ba zan yi ba."