Baba Makulli da Yaran Ɗakin Jira

Shugaban wannan zama, ranka ya daɗe. Mai girma wakilin hukumar gidajen yari da jami'an da suka rako shi, malamanmu da dattawanmu, Mama, matar marigayi, Baffa, ƙaninsa, babban ɗansa da 'ya'yansa mata, abokan aikinsa na da da na yanzu, jama'a maza da mata: ina yi muku sallama, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni tela ce. Ban taɓa tsayawa gaban lasifika ba, in kun ji muryata tana rawa ku yi mini uzuri. Matan da muka yi shekaru muna zama a ɗakin jira na gidan yari, mu da mazajenmu ko 'ya'yanmu suke ciki, su ne suka zaɓe ni in yi magana da bakinsu. Na san akwai waɗanda ba su so a ba ni wannan dama ba. Mama ce ta ce a bar ni. Saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa, kuma wani sashensa ba zai yi wa wasu daɗin ji ba.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba, bari in kwatanta masa. Bencina ne da aka kafe a ƙasa, da taga guda can sama mai sandunan ƙarfe, da durom ɗin ruwa da kofi ɗaure da sarƙa. Ƙofofinsa biyu ne, duka na ƙarfe: ɗaya tana kai mutum farfajiya zuwa babbar ƙofar fita, ɗayar tana shiga ciki, inda ake ganawa da fursunoni ta bayan waya. Kafin ka shiga sai an caje ka, har jaririn da ke goye sai an kwance shi. A nan muke zama da yaranmu tun safe, wani lokaci har rana ta karkata, ba mai kallon idon wani.

Ranar da na fara zuwa ganin mijina, ƙaramar 'yata ta gantsara wa wani gandiroba cizo a hannu wurin caje. Na ce shi ke nan, yau za a kore mu. Sai ga wani ƙaton mutum da tarin makullai a ƙugu ya durƙusa a gabanta, ya leƙa bakinta, ya ce irin waɗannan haƙora bai taɓa ganinsu ba sai a bakin kifin da ya haɗiye ƙararrawar gari. Ya tambaye ta ko ta san kifin. Ta girgiza kai tana shessheƙa. Ya zauna a ƙasa da kakinsa ya fara ba ta labari, kafin ya kai tsakiya duk yaran ɗakin sun kewaye shi. Wannan shi ne mutumin da muka taru dominsa. Yaranmu ne suka laƙaba masa Baba Makulli, sunan kuma ya bi shi har kabari.

Ya kasance mai neman tatsuniya kamar yadda wasu suke neman ƙarin girma. A gidan yarin nan akwai baƙi daga ƙasashe da yawa: matuƙan jirgin ruwa, fatake, mutanen da aka kama ba su da takardun shiga. Duk wanda aka kawo, in ya ɗan huce, sai Baba ya tsaya bakin ɗakinsa ya tambaye shi wace tatsuniya uwarsa take yi masa yana yaro. Wasu da hannu suke yi masa bayani, wasu sai an nemo na uku ya fassara. Ta haka yaranmu suka san tsohuwar da ta rufe iska a cikin tulu, da bushiyar da ta yi wa farin wata ɗinkin riga, da 'yan'uwa mata da suka yi tsere da kogi. Wani lokaci labarin yakan rikice a hanya. Ya taɓa kawo mana raƙumi da ke zaune a ƙarƙashin teku. Babbar 'yata ta ce ƙarya ne, shi kuwa ko gezau, ya ce a ƙasarsu haka raƙuma suke, in ta girma ta je ta gani.

Ya kasance mai lura da abin da mu iyaye ba mu iya faɗa ba. Ya ga cewa in aka kai yaro gaban ubansa, waya a tsakaninsu, daga gaisuwa sai shiru. Uban ya sunkuyar da kai, yaron ya ɓuya bayan uwarsa, har lokaci ya ƙare. Sai ya ɓullo da wata dabara. Yakan ba yara rabin tatsuniya a ɗakin jira, daidai inda ta yi daɗi sai ya tsaya ya ce, “Ƙarshen yana wurin babanki.” Ashe tun kafin ranar ziyara ya bi iyayen ɗaya bayan ɗaya ya koya musu ƙarshen. Na ga mijina, mutumin da ko a gida ba ya haɗa magana biyar da 'ya'yansa, yana kwaikwayon kukan bushiya ta bayan waya, 'ya'yansa suna dariya har da faɗuwa.

Yanzu zan zo kan ranar da kowa a nan ya sani, ranar da ba a son a ambata.

Ranar ziyara ce, ɗakin cike da mata da yara. Muka ji ihu daga ciki, sai ƙarar ƙarfe, sai jiniya. Fursunoni sun yi bore. Kafin mu miƙe, harbi ya tashi a farfajiya, daidai hanyar da za mu bi mu fita. Baba ya kulle ƙofar ciki, ya kulle ta waje, ya jefa makullan cikin aljihu. Mata suka fara salati, yara suka fashe da kuka, wasu suka ruga suna dukan ƙofa.

Sai ya tafa hannu ya ce yau akwai sabuwa, daga ƙasar ƙanƙara, amma wannan ba a jin ta a zaune. Ya ce wani dodo ne ya ɓatar da takalminsa ƙafa ɗaya yana yawon nema bisa duwatsu, duk takun da ya yi sai ƙasa ta amsa. Ɓeraye kuwa su ne suka mayar da takalmin gidansu, saboda haka dole su kwanta ruf da ciki, su toshe kunne, kada dodo ya gan su. Ya ce yaran su ne ɓerayen, bencina kuma su ne takalmin. Kafin ka ce me, duk yaran sun shige ƙarƙashin benci. In bindiga ta tashi sai ya ce, to, ga shi ya taka wani dutsen. Da hayaƙi mai sa hawaye ya fara shigowa ta taga, ya tuɓe rigarsa ta aiki ya tsoma a durom, ya yayyaga ta, ya rarraba, ya ce gemun ɓera ne, kowane ɓera ya ɗaura nasa a hanci. Mu ma manya muka cire mayafai muka jiƙa. Idanunsa sun yi jawur, yana tari, amma bakinsa bai daina ba.

Aka buga ƙofar waje. Wani babban jami'i ne, ya ba shi umarni ya buɗe ya fitar da mu ta farfajiya, shi kuma ya zo ya karɓi bindiga. Da kunnena na ji amsar da ya ba shi:

“Ranka ya daɗe, yara ne a nan. Ba zan fitar da su cikin harsashi ba. In harbi ya tsaya zan buɗe.”

Jami'in ya maimaita da tsawa, ya ce zai yi nadama. Baba ya koma ya zauna ya ci gaba da dodonsa.

Can kuma sai ƙofar ciki ta fara girgiza. Fursunoni ne suka taso da ƙarfe suna sara, don sun san in suka ratsa ɗakinmu sun kusa babbar ƙofa. Muna kallo ƙusoshin suna motsi, siminti yana zubowa. Na rungume 'ya'yana na rufe ido. Baba ya tashi ya manna bakinsa a jikin ƙofar, ya fara kiransu ɗaya bayan ɗaya da suna, don ya gane muryoyinsu. Ya ce wa wannan 'yarsa tana ƙarƙashin benci kusa da durom. Ya ce wa wancan matarsa tana nan da tsohon ciki. Ya ce wa wani, wanda ba shi da kowa a ƙasar, tatsuniyar uwarsa ce yake ba yaran a daidai wannan lokaci.

“In kuka karya ƙofar nan,” in ji shi, “sojoji za su biyo ku da harbi, kuma a kan 'ya'yanku zai sauka. Ku zaɓa.”

Muka ji suna gardama a junansu. Sai muka ji ƙarfen ya faɗi ƙasa, takunsu ya yi nisa. A ranar an rasa rayuka a farfajiya, fursunoni da ma'aikata, Allah ya jiƙansu. Daga ɗakinmu ko ƙwarzane babu wanda ya fita da shi.

Mun ɗauka za a karrama shi. Sai aka kafa kwamiti. Kwamitin ya tambaya me ya sa ya ƙi bin umarni, me ya sa fursunoni suka ji maganarsa alhali sun ƙi jin ta kowa, kuma wane saƙo ne yake kai musu ɗaki-ɗaki kafin kowace ranar ziyara. Ya ce tatsuniya ce. Aka yi masa dariya. Muka haɗu mu mata muka je ba da shaida, aka ce matan masu laifi ba sa shaida. Aka rage masa girma, aka rubuta cewa ana zarginsa da haɗa baki da fursunoni, aka mayar da shi gadin ma'ajiyar kaya. A can ya ƙare aikinsa, da tarin da ya samo a ranar, wanda bai rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ya kasance mai haƙuri, amma kada a ce abin bai ci shi ba. Na gamu da shi bayan ya bar aiki, ya kawo mini wando in rage masa ƙugu, ya rame har na kasa gane shi. Na ce za mu sake komawa ofishin hukuma a kan maganarsa. Ya ce mu bari, mun sha wulaƙanci ya isa. Sai ya tambaye ni ko yarinyar nan tana nan da haƙoranta.

Mai girma wakilin hukuma, ɗazu ka kira shi amintaccen ma'aikaci, mun ji daɗi. Amma zargin nan har yau yana cikin takardunsa na aiki, ba a goge ba. Shaidar da aka hana mu bayarwa, ga ta na bayar a gaban jama'a. Muna nan da ranmu, kun san inda za ku same mu. Muna roƙon a wanke sunansa tun Mama tana raye.

Ku kuma iyalinsa, da ku nake magana yanzu. Babban ɗa, na san abin da ka sha. Na san ka nemi aikin nan na mahaifinka, ka ci jarrabawa, aka dubi sunan uba aka mayar da kai gida. Na san an nuna ƙannenka da baki a makaranta. Baffa, na san ka ce mu ne muka cinye ɗan'uwanka, ya ba 'ya'yan ɓarayi abin da ya kamata ya ba nasa. Ba zan yi musu da kai ba. Mun amfana, ku kuka ɗauki wahalar, kuma ba mu da abin da za mu rama muku da shi.

Amma akwai abin da ba zan iya saukowa daga nan ban faɗa ba. A bakin ƙofar wannan zaure, cikin rana, akwai mutane a tsaye tun kafin a fara. An ce musu ba a gayyace su ba. Wasu yaran ƙarƙashin benci ne, sun girma, har da masu goyo. Wasu kuwa su ne mutanen da suke bayan ƙofar ciki a ranar, sun gama zamansu sun fito, sun tsufa. Mijina yana cikinsu. Ba abinci ya kawo su ba, ba kuma kujera suke nema ba. So suke su shigo su ɗaga hannu tare da ku a yi masa addu'a. Zaman naku ne, in kuka ce a'a za su yi tasu daga waje, ba mai ganin laifinku.

Baffa, na ga kana girgiza kai. Shugaban zama, na ga alamar da kake yi mini, na kusa gamawa.

Mama, don Allah zauna, ƙafarki ba za ta kai ki bakin ƙofa ba. A riƙe ta.

To. Babban ɗa ya riga ki, ga shi can yana buɗe musu ƙofa.

Jama'a, a ɗan matsa musu, a ba su hanya. Ku shigo a hankali, ku tsaya ta baya. Babban ɗa, ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya buɗe maka inda aka rufe maka.

Na gode wa shugaban zama da ya yi haƙuri da ni. Na gode wa Mama da iyalinta, na gode wa duk wanda ya saurara, har da wanda maganata ta ɓata masa rai.

Mu ɗaga hannu. Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ya tsare 'ya'yan mutane a ranar tsoro, ka tsare shi a ranar da ta fi ta tsoro. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya shi. Ka ba Mama haƙuri da lafiya, ka haɗa kan 'ya'yansa, ka sanyaya zuciyar Baffa. Waɗanda ke tsare ka kawo musu mafita, yaran da ke jiransu ka raya su cikin mutunci. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Amin.