Aladena a Hannun Kotu

Gaisuwa ga oga mai gabatarwa a rediyo, da Kafanchan kaf, da duk mai kunne har Godogodo! Ni ne Bitrus Sarkin Alade daga Madakiya, ba a mun wayo.

Maƙwabcina Dogara ya kama aladena wai nashi ne, alhali ni na tsaga kunnen da hannuna don alama. Na kai ƙara gaban majistare. Aka karanta wa Dogara laifinshi, ya ce bai yi ba. Sai kotu ta riƙe aladen wai shaida, masinja ke kiwo.

Sau uku ana ɗaga shari'a. Jiya masinjan ya shafa cikin aladen, ya ce, "Baba, ya yi kitse fa!" Ga Kirsimeti ya kusa.

Oga, aiko mun da lauya, amma wanda ba ya cin alade.